Takardar Kwalba a Kan Injin Ƙwai

Fanne Zarami ta shekara tara tana gyaran injunan wani asibiti a Potiskum. Ɗakin aikinta yana can bayan ɗakin haihuwa, kusa da inda ake jera tukwanen oksijin. Taga ɗaya gare shi da dogon tebur wanda ba ya rabuwa da kayan da suka ƙi aiki: injin awon jini, fitilar tiyata, wani lokaci har kwalbar da ake sa jarirai bakwaini. Nas-nas kan kira ta Injiniya idan suna so ta yi sauri, idan aiki ya kammala kuma ta koma Fanne. Ba ta da yawan magana. Abin da aka fi saninta da shi shi ne ba ta mayar da inji wurin marasa lafiya sai ta ɗora masa mita ta auna ko wuta na zurarewa zuwa jikinsa, ko da fis kawai ta canza.

Yayanta Abatcha ya girme ta da shekara bakwai. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma haɗa sola, daga baya ya buɗe shago a unguwar Yindiski yana ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai. Akwati yake yi na katako, ya shimfiɗa masa kwano daga ciki, ya sa hita da ƙaramar fanka da farantin ruwa, ya jera tire-tiren ƙwai. Hannunsa yana da kyau, kowa ya shaida. Bai yi karatun abin ba, amma idan ya saurari ƙarar fanka zai gaya maka kwana nawa ya rage mata.

A farkon shekarar wani ɗan kasuwa a Kano ya sayar masa da fawa guda sittin, sababbi a kwalayensu. Fawa ita ce ɗan akwatin da ke karɓar wutar gida ya rage mata ƙarfi ya raba wa sauran sassan inji. Waɗannan an ƙero su ne domin kwalbar jarirai, amma kamfanin da ya yi odarsu ya daina haɗa kwalaben, suka zauna a sito. Kowane kwali da takarda a ciki, mai hatimi da dogayen lambobi, tana shaida cewa an gwada fawar an tabbatar ta dace da aikin asibiti. Abatcha ya sa bakwai a injunansa ya sayar, ba wanda ya dawo da ƙorafi.

Da damina ta kama, wani jami'in wata ƙungiya mai tallafa wa mata masu kiwo, Malam Jalo, ya biyo ta shagon. Ya ga injin, ya buɗe ya rufe, ya ce suna son arba'in domin ƙungiyoyin mata na Potiskum da Nangere. Sharaɗi ɗaya ofishinsu ya kafa: a kawo takardar shaidar cewa injin ba shi da haɗari, da sa hannun wanda ya karanci aikin. Ya ba shi sati uku.

Ranar wata Laraba Abatcha ya zo asibiti. Ranar kasuwar shanu ce, tireloli sun cushe hanya, sai da ya sauka daga keke ya ƙarasa da ƙafa. Ya sami Fanne ta kwance bayan wani injin tsotsar majina tana duba shi. Suka gaisa, ta tambayi iyalinsa, ya tambayi Bilyamin mijinta da yara. Sannan ya zaro takardar daga leda ya shimfiɗa mata a kan teburin.

"Duba min wannan. Ta gaskiya ce ko ta bogi?"

Ta goge hannu ta ɗauka. Ta karanta gaba da baya, ta kwafi lambar a wayarta ta shiga shafin waɗanda suka ba da takardar. Sabis ba shi da ƙarfi, suka jira. Can sai ga lambar ta fito, da sunan fawar da ranar da aka gwada ta.

"Ta gaskiya ce," ta ce. "Fawa ce mai kyau. Irinta ce a kwalabenmu biyu."

"Alhamdu lillahi." Ya gyara zama a kan benci. Ya ba ta labarin Malam Jalo da injuna arba'in da sati uku. "Sa hannunki kawai nake so a ƙasan kwafin wannan. Abin da aka yarda a kwantar da bakwaini a kansa, ai ƙwan zabuwa ba zai fi ƙarfinsa ba."

Ta sake kallon takardar, ko da yake ta riga ta san abin da ke ciki.

"Ya Abatcha, takardar nan ta fawa ce. Ba ta injinka ba ce."

"Fawar ai ita ce ran injin. Saura katako ne da kwano."

"Da hita. Da ruwa."

"Hitar me? 'Yar ƙaramar hita ce, ta risho ta fi ta ƙarfi."

Ta yi masa bayani a taƙaice, don ta san ba ya son a yi masa karatu. Masu gwajin sun gwada fawar ne a cikin gidanta na roba, a ɗaki mai tsabta, da wayar ƙasa a jikin soket wadda ke kwashe wuta idan ta ɓalle. Abin da suka fi damuwa da shi shi ne kada wuta ta taɓa fatar mara lafiya. Ba su ga akwatin katako ba, ba su ga farantin ruwa ba, ba su san za a kai ta gidan da ba wayar ƙasa ba. Abin da ba su gani ba, ba su yi shaida a kansa ba.

"Ke nan gwajin asibiti bai kai na gidan kaji ba?" ya ce, yana 'yar dariya.

"Ta wani wajen ya fi shi nesa. Ta wani wajen kuma ko kallon inda kaji suke bai yi ba."

 Ta ce masa ba ta ce a'a ba tukuna, tana so ta ga injin. Ya ce ta zo shago yau ma idan ta tashi. Ta ce ba na shago ba, tana son wanda ya yi wata uku yana aiki a gidan mutane.

Ranar Asabar da hantsi suka ɗauki shatar keke zuwa ƙauyen Danchuwa. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, gero ya kai gwiwa, mutane sun duƙufa da noma a gefen hanya. Fanne ta rungume jakar mitarta a cinya saboda gargada. Gidan da suka nufa na Inna Raudatu ne, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda ke kiwon zabi da kaji tun kafin a haifi Fanne. Ita ce ta fara sayen injin Abatcha, bayan ta sayar da tumaki biyu.

Ta tarbe su da murna, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha. Hausarta tana da ɗan karin Ngizimanci. Ta kira Abatcha mai inji, ta kira Fanne 'yata. Da ta ji abin da ya kawo su, ta shige gaba ta kai su wani ɗan ɗaki na ƙasa inda injin yake, a kan bulo huɗu, kusa da buhunan dusa. Waya ta taso daga ɗakin kwananta, an ɗaure ta da tsumma a jikin azara, an yi mata haɗi biyu a hanya. Ɗakin da ɗumi da warin kaji.

"Injin nan ya yi min rana," in ji Inna Raudatu. "Ƙwai ɗari da ashirin na zuba na farko, casa'in da shida suka fito. Kaza nawa za ta kwanta min a kan wannan?"

Abatcha ya dubi ƙanwarsa.

Fanne ta ce ko Inna za ta buɗe mata ta ga ciki. Dattijuwar ta miƙa hannu kan bulo ta ɗauko wani tsohon ɗankwali da ke ninke, ta naɗe hannunta da shi, sannan ta kama mariƙin ƙofar ta ja.

"Inna, zafi mariƙin yake yi?"

"A'a, ba zafi. Cizo yake yi."

"Cizo?"

"Ɗan kaɗan. Idan an kawo wuta, kuma hannuna da danshi, sai in ji zir har gwiwar hannu. Idan a kan sola yake ba ya yi sosai. Na ce ko haka halinsu yake. Ai na gane masa, ga ɗankwalina."

"Tun yaushe?"

Ta yi tunani. "Tun ƙyanƙyasa ta biyu. Na hana jikokina shiga ɗakin ma."

"Inna, me ya sa ba ki gaya min ba?" in ji Abatcha. Muryarsa ta yi ƙasa.

"To, mai inji, yana aikinsa. Kada in kira ka ka ɗauke shi ƙwai na ciki."

Akwai wuta a lokacin. Fanne ta ciro mita, ta soka wani ƙarfe a ƙasa mai laima a bakin ƙofa, ta ɗora waya ɗaya a kansa ɗaya a kan mariƙin. Ta dubi lambar, ta juya mitar ta nuna wa Abatcha. Ya san lambobi daidai gwargwado. Ya dubi lambar na ɗan lokaci, sannan ya je da kansa ya zare wayar daga soket.

Akwai ƙwai tamanin a ciki da suka rage kwana tara. Inna Raudatu ta tsaya a kansu, ta ce ba za a bar su su huce ba. Don haka a nan tsakar gida suka yi aikin, da sauri, an lulluɓe tire-tiren da bargo. Da Abatcha ya kwance murfin baya, abin bai ɓuya ba. Fawar tana nan lafiya, fes, sai ɗan gashin 'yan tsaki da ya liƙe a ramukan iskarta. Matsalar a wayar hitar take. Ya bi da ita ta wani rami da ya huda a jikin kwano, zafi ya busar da robarta ta tsage, gefen kwanon ya ci ta, tururin farantin ruwa kuma kullum yana sauka a wurin. Sukurorin mariƙin ƙofa sun ratsa katako sun kama kwanon, ta nan wutar ke kaiwa hannu.

Ya canza wayar da wata da ya zo da ita, ya naɗe ramin da roba, Fanne ta sake aunawa, lambar ta sauka. Ta ce wa Inna wannan na wucin gadi ne, idan ƙwan sun fashe za a zo a ɗauki injin a gyara shi sosai. Dattijuwar ta ba su ƙwan zabi goma sha biyu a ƙwarya. Fanne ta ƙi, Inna ta matsa, suka karɓa.

A hanyar dawowa mai keke ya yi ta ba da labarin tsadar taki. Sai da suka kusa gari Abatcha ya ce, yana kallon waje, "Waya ɗaya ce. Na gyara. Zan gyara a sauran."

"Waya ɗaya muka gani."

"To me kike so?"

"Ina so a canza yadda ake haɗa shi. Hitar ta samu gidanta daban, fawar ta fita daga inda tururi yake, mariƙin ya zama na roba, a sa abin da zai yanke wuta da kansa idan ta zurare. Sannan a kai guda ɗaya wurin masu gwaji na hukuma su duba injin gaba ɗayansa. Takardar fawar za ta rage musu aiki, ba sai sun sake gwada ta ba. Amfaninta ke nan."

"A sati biyu?"

"Ba zai yiwu a sati biyu ba."

 Ya sauka a Yindiski ya bar mata ƙwaryar ƙwan.

Washegari mahaifiyarsu, Iya Bintu, ta aika a kira ta. Fanne ta same ta a zaune a inuwar darbejiya tana haɗa turaren wuta, sana'ar da ta taso da ita tun daga gidansu a Borno. Iya ba ta yi faɗa ba. Ta bari sai da Fanne ta zauna ta taya ta dakan ƙamshi, sannan ta ce Abatcha ya zo jiya bai ci abinci ba.

"Ya ce min takardar ta gaskiya ce, ke da bakinki kika faɗa."

"Ta gaskiya ce, Iya."

"To ina ƙaryar take?"

Fanne ta nemi yadda za ta faɗa. Ta ce idan aka ba Iya shaida cewa itacen da take sayowa mai kyau ne, wannan bai nuna turaren da aka haɗa da shi mai kyau ne ba, sai an ƙona an shaƙa. Iya ta ce wannan ta gane. Ta ci gaba da juya garin a kasko. Can ta ce shi ne ya kai Fanne Damaturu ranar da ta fara makaranta, shi ya ɗauki akwatinta a ka. Fanne ta ce ba ta manta ba. Iya ta ce shi ke nan, ita dai ba ta son ta ga 'ya'yanta biyu suna gaisawa kamar maƙwabta.

Kwana huɗu Fanne tana zuwa shagon bayan ta tashi aiki, daga la'asar zuwa magariba. Abatcha yakan buɗe mata injin da ke nan ya koma bakin ƙofa yana fiƙe katako. Ta auna abin da mitarta za ta iya aunawa. Ta bar injin a kunne da ramukan iska a toshe ta ga iya zafin da katakon zai yi. Ya yi zafin da ba ta iya barin tafin hannunta a kai. Ta rubuta komai. Abin da ya fito shafi uku ne: ga abin da takardar fawa ta shaida, ga abin da ba ta taɓo ba, ga abin da ita Fanne ta gwada da sakamakonsa, ga gyare-gyaren da ake bukata. A ƙarshe ta rubuta cewa ita ma'aikaciyar gyaran kayan asibiti ce, ba ta da hurumin ba kowane inji shaidar inganci. Ta sa hannu a ƙasan wannan.

Abatcha ya karanta a tsaye. "Wannan ai takardar kora ce," ya ce. Amma ya yarda su je tare.

Ofishin Malam Jalo ɗaki biyu ne a saman wani bene, da fanka mai ƙara da taswirar Yobe a bango. Mutum ne mai fara'a, Bafulatani siriri, gashin kansa ya fara fari. Ya karɓi shafukan ya karanta na farko da kyau, na biyu ya bi shi da ido, na uku ya duba sa hannun kawai. Ya cire tabarau.

"Hajiya, aikinki ya yi kyau, wallahi. Amma kin ga fom ɗinmu." Ya juyo mata da kwamfuta. "Gida ɗaya ne. Akwai shaida, ko babu. Idan na tura wannan, wanda zai karanta a can zai ga kalmar haɗari sau shida, ya rufe fayil ɗin."

"Sau shida ɗin akwai shi, Malam."

"Ban musa ba. Ni na ga injin, na san ya fi waɗanda ake kawo mana daga waje ƙwari. Shi ya sa nake so ya samu." Ya juya ga Abatcha. "Takardar farkon nan da ka nuna min, mai hatimi, ita ce irin abin da suke ganewa. An rubuta asibiti a jiki, wa zai yi gardama? Ba dole sai Hajiya ba. Duk wanda ke da satifiket na aikin lantarki zai iya sa hannu."

Fanne ta dubi taswirar. Ta ce idan za su jira wata huɗu ko biyar, za a samu shaidar da ta dace. Malam Jalo ya ce da a hannunsa abin yake da ya jira, amma shirin na wannan daminar ne, idan zabi suka daina ƙwai magana ta wuce. Ya raka su har bakin matakala.

A ƙasa Abatcha ya ce yana da wurin zuwa. Ya tari keke ya tafi. Fanne ta san akwai wani mai satifiket a bayan tasha wanda sa hannunsa ba ya wuya, ta kuma ga kekensa ya yi wajen. Ta koma asibiti. An kawo mata wata kwalba da ƙararrawarta ke kuka ba dalili, ta zauna a kanta har yamma.

Wa'adin ya cika ranar Litinin. Ba ta tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Bayan kamar wata guda ta ji a bakin wata nas 'yar Nangere cewa ƙungiyar ta raba injunan ƙyanƙyasa, farare na roba, an kawo su daga Kano a kwali. Daga nan ta gane na Abatcha ba su shiga ba. Ko don bai kai takardar ba ne, ko don an ƙi ta, ba ta sani ba.

Sauran daminar suna haɗuwa a gidan Iya ranar Juma'a. Yakan amsa gaisuwarta, ya ɗauki 'yarta ƙarama ya yi mata wasa, ya tashi kafin a kawo abinci. Ma'aikata biyu da ya ɗauka saboda aikin arba'in ɗin ya sallame su. Katakon da ya saya ya jingine a bayan shago, ruwa ya taɓa na ƙasa. Bilyamin ya ce mata ta je ta ba shi haƙuri ko da ba ta yi laifi ba. Ta ce za ta je, ta yi ta ɗagawa.

Shi ne ya zo. Bayan an fara girbin gero, wata ranar Talata, ya leƙo ɗakin aikinta da rana ya ce idan ta tashi ta biyo shago. Da ta je ta tarar da injuna bakwai a jere, duk waɗanda ya sayar, ya bi gida-gida ya karɓo su ɗaya bayan ɗaya yayin da ƙwansu suka fashe. Biyar ya riga ya sake su. Hitar tana cikin gidan ƙarfe nata, wayoyinta masu jure zafi. Fawar ta koma wani ɗan akwati a waje. Mariƙan na roba ne. Shafukanta uku suna maƙale a ƙusa a bango, sun yi baƙi da yatsu.

"Uku daga ciki wayar ta fara tsagewa," ya ce. "Ɗaya katakon bayan hitar ya yi baƙi. Auna min."

Ta auna. Tana cikin aikin ya ce, ba tare da ta tambaya ba, "Na je wurin mai satifiket ɗin nan na bayan tasha ranar. Na ba shi takardar, ya ciro biro. Ko tambayata bai yi ba injin mene ne. Sai na ji abin ya fita raina. Na ce masa zan dawo."

Ta gyaɗa kai, ta matsa kan inji na gaba.

"Kada ki ɗauka na ce kin kyauta," ya ƙara. "Har yanzu ina ganin da kin sa hannu da na gyara su kafin a raba."

"Wataƙila da ka gyara."

"Da na gyara."

Ta ci gaba da awo.

A watan da ya biyo baya suka cike takardun neman gwaji. Ita ta rubuta wasiƙar, ta haɗa da kwafin takardar fawa, ta bayyana cewa shaidar sashe ɗaya ce. Wani direban tirela abokin Abatcha, Babakura, ya ɗauki inji ɗaya a bayan kujerarsa, an naɗe shi da katifa, ya sauke shi a garin da ɗakin gwajin yake a kan hanyarsa ta zuwa Kudu. Aka ce wata biyu. Ya ɗauki biyar. A tsakanin nan Abatcha ya koma haɗa sola, yana sayar da inji ɗaya nan ɗaya can ga waɗanda suka san shi.

Amsar ta zo ana tsakiyar zafi. Masu gwajin sun karɓi shaidar fawar ba su sake gwada ta ba, sun rubuta hakan a layin farko. Injin kuma bai wuce ba. Sun lissafa abu huɗu da za a gyara a sake kawowa. Biyu Fanne ta yi tsammaninsu: rubutun gargaɗi da babu a jiki, da kaurin wayar da ke shiga soket. Sauran biyun ba ta taɓa tunaninsu ba. Ɗaya ya ce idan abin da ke daidaita zafi ya lalace a kunne, babu na biyu da zai kashe hitar. Ɗayan ya yi magana a kan tazarar da ke tsakanin wasu ƙarafa biyu a inda laima ke taruwa, da wata kalma da ba ta taɓa cin karo da ita a kayan asibiti ba.

Ta karanta wasiƙar sau biyu a bakin shagon, Abatcha yana tsaye a kanta da fensir a bayan kunne.

"Wannan na ukun ai ya kamata in gani," ta ce. "Ban gani ba."

"Wannan mai sauƙi ne. Akwai irinsa a dutsen guga, gobe zan nemo." Ya sa yatsa a kan na huɗun. "Wannan fa me suke nufi?"

"Ban sani ba. Sai na bincika."

"Zuwa yaushe?"

"Ba ni zuwa Alhamis."

Ya zaro fensirin ya rubuta Alhamis a jikin wani guntun katako, ya jawo injin da ke kusa ya fara kwance murfin bayansa.